Mita Huɗu na Ɗanyen Kankare

Karo na uku ke nan Auta yana maimaita lissafin a bayan takardar buhun siminti, karo na uku kuma amsar ta ƙi canjawa. Ya ja mata layi a ƙasa har fensirin ya huda takardar. Dubu casa'in da shida.

Ya ɗaga kai ya dubi akwatin. Haka kafintoci ke kiran katakon da suke haɗawa a zuba ɗanyen kankare a ciki har ya bushe ya zama bango. Wannan yayansa ne ya haɗa shi, kwana uku yana fama: tsayi mita huɗu, tsawo mita biyar, faɗin ciki kwatan mita kawai. Aiki ne mai tsafta, ko'ina a miƙe. Wayoyin da ke riƙe allunan gefe biyu an jera su a tazara ɗaya tun daga ƙasa har sama, kamar maɓallan riga.

Rodin da ke ciki Auta ne ya ɗaure, don sana'arsa ke nan, shekara biyar yana lanƙwasa ƙarfe. Nasa aikin ya ƙare tun jiya. Da ya so, da yanzu yana inuwa ya miƙe ƙafa. Abin da ya hana shi sakat wata magana ce da ɗan kwangila ya jefar da safe yana wucewa, waya manne a kunne: yau ba za a yi zubi da kwanon sarki ba, ya ɗauko mota mai famfo, cikin minti ashirin za ta cika bangon. Leburori suka yi ta murna, wuyansu zai huta. Auta kuwa tun daga lokacin ya kama lissafi.

Abin da ya sani bai da yawa. A ajin ƙarshe na sakandare ya tsince shi, wurin wani malami mai yawan tari da ke rubutu a allo da hagu. Kowace mita kubik ta ɗanyen kankare kilo dubu biyu da ɗari huɗu ce, ta ninka ruwa sau biyu har da ɗori. Akwatin nan zai ci kubik biyar, tan goma sha biyu ke nan. Ya ninka da goma saboda jan da ƙasa ke yi wa kowane kilo, ya raba da faɗin gindin da nauyin zai zauna a kai. Ya sake bi ta gajeriyar hanya, nauyin kubik sau goma sau tsayi, suka haɗu a wuri ɗaya. A harshen mutanen gini, kowace murabba'in mita ta allon ƙasa za ta tokare tan tara da rabi. Abu mai ruwa-ruwa ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, yadda ya danna ƙasa haka yake tura gefe.

In da kwano ake zubi, wuni guda ake yi. Kafin na sama ya iso, na ƙasa ya fara kamawa, ya tsaya da ƙafarsa, ya daina jingina da katako. Shekara ashirin Yaya yana haɗa akwati, ko ɗaya bai taɓa fashe masa ba. Amma duk da kwano aka cika su.

Kuma ba katakon ne ya fi damun Auta ba. Inda Yaya zai tsaya ne. Gefe ɗaya na akwatin yana fuskantar fili, an tokare shi da sanduna har ƙasa. Ɗaya gefen yana fuskantar katangar maƙwabta, tsakaninsu lungu ne mai faɗin taku ɗaya, ƙofa ɗaya, ƙarshensa a toshe. Babu wurin kafa tokara a nan, wayoyi ne kawai ke riƙe da shi. A can Yaya zai shiga da gudumarsa. Haka mahaifinsu ya koya masa: kafintan da ya haɗa akwati shi ke tsayawa a gindinsa ranar zubi, ta gefen da ya fi rauni, yana ƙwanƙwasawa yana sauraren inda kankare bai cika ba. Masu hawa sama ma ba sa taka katako sai sun ga mai shi a ƙasa.

Auta ya ninke takardar, ya warware, ya sake ninkewa. Ya tashi.

Ya sami Yaya a rumfar kayan aiki, ya matse zarto tsakanin gwiwoyi yana bin haƙoransa da magagari ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya, ina da magana."

"Ai ba a ɗinke maka baki ba."

Ya tsuguna ya shimfiɗa takardar a kan benci, ya fara bayani. Ya yi sauri da yawa, ya sani. Lambobin suna fitowa a cakuɗe, na baya na taka na gaba. Yaya bai kalli takardar ba, hannunsa bai tsaya ba. Sai da Auta ya yi shiru sannan ya hure garin ƙarfen da ke kan zarton, ya tambaye shi kubik nawa bangon zai ci. Biyar. Gindin tankin da suka yi bara fa, nawa ya ci? Goma sha huɗu.

"Ya fashe?"

"Bai fashe ba. Amma tsayinsa iya ƙugu ne."

"Goma sha huɗu bai gagari katakona ba, sai biyar? Siririn bango kamar wannan, da in ka yi atishawa a ciki sai ya cika?"

"Ba yawan ba ne, Yaya, tsayin ne. Ko faɗinsa yatsa uku ne, in dai mita huɗu ne a tsaye kuma ɗanye ne, turin ɗaya ne."

Yaya ya ɗago ya dube shi a karon farko. Fuskarsa babu fushi, da ma fushin ne da ya fi sauƙi.

"To, Farfesa. Mun gode."

Sunan da leburori suka laƙaba masa ne, saboda yana karanta rubutun jikin buhu kafin ya farke shi. Daga bakinsu bai dame shi ba. Daga bakin Yaya kuwa sai ya ji kamar an ɗiga masa ruwan batir. Lokacin da mahaifinsu ya rasu, Yaya na aji biyu na sakandare. Ya ajiye jakar makaranta ya ɗauki jakar guduma, bai sake waiwayen allo ba. Duk littafin da Auta ya buɗe, duk rigar makarantar da ya saka, daga gudumar nan suka fito. Yau ga shi ya ɗauko abin da gudumar ta saya masa ya zo yana gwada wa mai ita kuskure.

Ya fita daga rumfar, ya rasa inda zai sa kansa. Ya kira injiniyan da ke leƙo su sau ɗaya a mako. Waya ta yi ƙara har ta gaji. Ya sake kira, wata murya ta ce a kashe take. Ya zagaya tulin yashi, ya dawo, ya tare ɗan kwangila a bakin ofis ɗin kwanon da ke gefen ƙofa. Mutumin yana da waya biyu, ɗaya a kunne ɗaya a hannu, Auta ya samu rabin idonsa kawai. Ya saurara na daƙiƙa goma, ya tambaya ko kafinta ya ce akwatin bai yi ba. Auta ya ce a'a, kafinta ya ce ya yi.

"To ni wane ne? Kai ba mai rodi ba ne?"

Ya ƙara da cewa an riga an loda motar, tana hanya, kankaren da ke cikinta kuma ba ya jiran kowa ya gama nazari. Ya shige ya ja ƙofa.

A bayan ofis ɗin Auta ya yi tuntuɓe da ragowar bututun roba na masu haɗa famfon ruwa. Guda ɗaya dogo ne, ya auna da tef, mita huɗu cif. Wata dabara ta faɗo masa, bai tsaya ya juya ta ba. Ya jingina bututun da akwatin, ya cika bokiti, ya koma rumfa ya roƙi Yaya alfarma ɗaya: ya toshe bakin ƙasa da tafin hannu, shi zai hau tsani ya zuba ruwa ta sama, ya ji da hannunsa yadda siririn abu ke turi in ya yi tsayi.

Lokacin shan shayi ne, kowa na zaune. Da suka ga za a yi kallo sai suka taso da kofunansu. Baba magini, tsohon da ya girmi kowa a wurin, ya ja bulo ya zauna a gaba, ya ce a matsa masa, bai taɓa shiga jami'a ba sai yau.

Yaya ya zo da kofinsa a hannun hagu. Ya durƙusa ya ɗora tafin dama a bakin bututun. Auta ya hau, ya zuba, ya zuba, har ruwa ya tumbatsa ya jiƙa masa hannun riga. Ya leƙo ƙasa. Yaya yana nan yadda yake. Ruwa na ɗan tsartuwa ta tsakanin yatsunsa, shi ke nan. Ya kai kofin baki ya kurɓa.

"Wannan ne tan taran?"

Ya janye hannu. Ruwan ya ɓulɓulo ya malala a ƙasa, ya bi ta ƙarƙashin ƙafar Baba magini. Tsohon ya ɗaga ƙafa ɗaya ya duba, ya ce kaico, tan tara da rabi sun jiƙa masa silifas. Wuri ya kaure da dariya.

Daga saman tsani Auta ya yi ta ƙoƙarin cewa bakin bututun bai kai tafin hannu ba, sai an jera irinsa ɗari biyar kafin a sami mita ɗaya, kankare kuma ya ninka ruwa nauyi. Babu wanda ya ji. Wani lebura yana kwaikwayon yadda ya rungumo bokiti. Yaya bai yi dariya ba. Ya goge hannu a wando, ya ce ruwa daban kankare daban, kankare yana da dutse a ciki, yana zama a kan kansa. Ya koma wurin zartonsa.

Auta ya sauko ya zauna a bayan tulin bulo inda ba a ganinsa. Yanzu shi kansa ya fara shakka. A jarrabawar ƙarshe da ƙyar ya tsallake darasin nan. Wa ya sani ko malamin mai tari ruwa kaɗai yake nufi. Maganar dutsen ma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Ya fito da takardar ya sake bi, karo na huɗu. Ya rage wa kankaren nauyi don ya yi wa Yaya adalci, amsar ta sauko kaɗan ta tsaya a inda har yanzu ta fi ƙarfin waya. Ya tuna yadda kankaren famfo ke fita a wani gini da ya taɓa gani, sulɓi-sulɓi, yana gudu kamar kunu. Wannan ba mai zama a kan kansa ba ne.

Ya kira Inna. Ita kaɗai ce in ta ce wa Yaya zauna zai zauna. Ta ɗauka da fara'a, ta ce yanzu take zancensu, ko sun ci abinci. Ta ce ƙofar ɗakin girki ta sake saki, ya tuna wa yayansa, kafinta guda a gida amma ƙofa na jan ƙasa. Auta ya buɗe baki. Ya hango ta tsaye a tsakar gida da waya a hannu, zuciyarta da likita ya ce a riƙa lallaɓawa. Ya ce zai tuna masa. Ta tambaya lafiya dai, muryarsa wani iri. Ya ce ƙurar siminti ce.

Da rana ta take, kowa ya watse neman abinci, sai ya ɗauki zarton wani, ya yanka guntayen katako huɗu daidai faɗin lungun. Ya shiga da su ya fara tokare allon ƙasa da katangar maƙwabta. Katangar tsohuwa ce, bulo ɗaya, bai san ko za ta riƙe ba. Amma ta fi babu. Yana buga na uku haske ya ragu a bakin lungun.

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya shigo, ya sa ƙafa ya ture na farko, ya sunkuya ya zare na biyu, ya karɓe na uku daga hannun Auta kamar mai karɓe wuƙa daga hannun jariri. Ya tattara su a hammata.

"Ka taɓa ganin na taɓa rodinka?"

"A'a."

"Ɗazu ka mai da ni abin kallo, na ƙyale ka. In ka tokare min akwati, gobe kowane lebura zai ce ƙanena ke gyara min aiki. Sai in ci abinci da me, da takardarka?"

"To kar ka shiga lungun. Ka tsaya ta fili. Shi kaɗai nake roƙo."

"Babanmu ya taɓa tsayawa ta fili?"

"Babanmu bai taɓa ganin famfo ba."

Wata tsoka ta motsa a muƙamuƙin Yaya. Auta ya ɗauka mari ne zai biyo baya, har ya ɗan so hakan, ko ba komai an taɓa juna. Yaya ya juya ya fita da katakon.

Sauran lokacin Auta bai san yadda ya wuce ba. Ya ɗauki filaya ya ajiye. Ya je bakin titi ya leƙa, ya dawo, ya sake komawa. Duk babbar motar da ta yi ƙara sai ya waiga. Ya yi fatan taya ta fashe, ya yi fatan direban ya ɓata hanya. Ya sake kiran injiniya. Ya sayi burodi ya riƙe har ya lotse a hannunsa bai ci ba.

Ƙarfe biyu da 'yan mintuna suka iso, mota biyu. Ta gaba tana da tulu a baya yana juyawa a hankali, ta baya tana ɗauke da dogon hannu a ninke. Aka kafa mata ƙafafu, hannun ya miƙe sama yana ƙugi, baƙin tiyo mai kaurin cinya yana lilo a bakinsa. Leburori biyu suka tsaya a gindin tsani suna jiran su ga kafinta ya shiga. Yaya yana rumfa yana ɗaura igiyar takalmi.

Auta bai yanke shawara ba, ƙafarsa ce ta yanke. Ya bi ta bayan tulin yashi ya shige lungun, ya tafi har ƙarshe, inda yake a toshe. Ya zauna a ƙasa, ya jingina baya da allon ƙasa, ya tokare tafin ƙafa da katanga. Sama ta zama ɗan siririn zare mai haske. Wurin yana warin ɗanyen katako da baƙin man da ake shafa wa allo.

Yaya ya shigo da guduma, ya yi taku uku, ya tsaya.

"Fita."

"In katakon zai riƙe, me zai same ni?"

"Na ce ka fita."

"Sai dai ka ja ni a gabansu."

Daga sama wani ya leƙo ya tambaya ko a fara. Ya hango Auta ya sanar da sauran cewa Farfesa ya shiga ɗakin jarrabawa. Aka yi dariya a can nesa. Ɗan kwangila yana tafa hannu yana cewa lokaci, lokaci. Yaya ya dubi ƙanensa, ya dubi sama. Duk wanda ke wurin yana jiran bakinsa. Ya ɗaga guduma ya ce a sako.

Injin ya ɗauka. Zubin farko ya faɗo cikin akwatin da wani irin dim da Auta ya ji a haƙoransa. Daga nan ya zama bugu-bugu, kamar zuciyar wata ƙatuwar dabba, kowane bugu allon ya ɗan tura bayansa ya koma. Sanyi ya ratso katakon ya kama masa ƙugu, ya hau gadon baya, ya wuce kafaɗa. Kankaren ya riga ya fi shi tsayi a zaune. Ruwan siminti ya fara tsattsafowa ta haɗin alluna yana bin wuyan rigarsa.

Yaya yana ƙwanƙwasawa. Inda babu komai gudumar na cewa ƙwam, inda ya cika tana cewa dif. Auta yana bin sautin da kunne, kansa kuma yana lissafi ba da izininsa ba. Mita ɗaya, tan biyu da rabi. Bai ga abin da ke hana shi tashi ba sai kunya. Shi ba jarumi ba ne, fitsari ma ya matse shi. Ya auna tazarar da ke tsakaninsa da bakin lungun, mita biyar, ga Yaya a tsakiya. Ko ya tashi yanzu babu inda za shi.

Mita ɗaya da rabi. Masu sama suka zura injin girgiza, akwatin duka ya ɗauki kyarma. Wata waya kusa da kunnensa ta yi ƙara, siririya, kamar ana murɗa ƙofa mai tsatsa. Ya runtse ido. Ya buɗe ya ga Yaya ya matso. Ba ya ƙwanƙwasa can gaba yanzu, a nan yake, kan Auta, ƙafarsa na gogar gwiwarsa. Ya ɗora tafin hannu a kan allon ya bar shi a wurin. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ba sama yake kallo ba, ƙasa yake kallo, wajen ƙugun Auta.

Gudumar ta ce dif a daidai inda hannun Yaya ke iya kaiwa. Mita biyu. Kusan tan biyar. Rabi ke nan.

Wayar ta sake yin ƙara.

Yaya ya cusa yatsu biyu a baki ya yi fito, injin ya haɗiye shi. Ya ɗaga kai ya kira mai riƙe da tiyo, bai ji ba. Sai ya jefar da gudumar ya ruga. Auta bai taɓa ganinsa yana gudu ba. Kafaɗarsa ta daki katanga, ya fice fili yana kaɗa hannu biyu sama. Bugu ɗaya, biyu, uku, sannan injin ya yi shiru. Cikin shirun Auta ya ji ɗigar ruwan siminti a ƙasa, ɗis, ɗis, da nasa numfashin.

Ya dafa katanga ya miƙe.

Da ya fito ya tarar an kewaye Yaya. Ɗan kwangila ya cusa wayoyinsa duka biyu a aljihu, abin da ba a taɓa gani ba, yana tambaya me ya faru, wa ya mutu. Yaya ya ce kwaɓin ya yi ruwa, bai yarda da sautinsa ba, ba za a ƙara ko cokali a kan akwatinsa yau ba. Mai famfo ya rantse kwaɓin daidai yake, a kamfani aka auna, shi ba yau ya fara ba. Yaya bai musa masa ba. Ya maimaita abin da ya faɗa, kalma ɗaya bai canja ba. Ɗan kwangila ya ce to ragowar da ke cikin tulu fa, ya sha? Yaya ya nuna daɓen sito, wanda aka gama ɗaure rodinsa jiya, ya ce a juye a can. Rabin bangon da ya rage gobe a cika shi da kwano.

Kalmar kwano ta faɗa kan leburori kamar ruwan sanyi. Babu wanda ya kalli Yaya. Auta suka kalla, da rigarsa mai toka-toka manne a baya. Wani ya yi tsaki, wani ya ce ga abin da boko ke jawowa, gobe wuyansu ne zai biya. Akwatin kuwa yana tsaye ƙyam, daga fili ko gezau bai yi ba. Baba magini ya wuce ta gefensa da cebur, ya ce ƙasa-ƙasa, yau dai Farfesa ya ci jarrabawa ko ya faɗi, shi bai gane ba. Auta ya ce shi ma bai gane ba.

Ya ɗauki cebur ya shiga cikin masu baza kankare a sito, ko da yake ba aikinsa ba ne. Babu wanda ya matsa masa wuri, babu wanda ya kore shi. Suka yi ta yi har rana ta karkata, motocin suka wanke tiyo suka tafi. Ɗan kwangila ya wuce shi sau biyu kamar bai san shi ba.

Ana tattara kaya ya lura babu Yaya a rumfa. Jakarsa na nan, zartonsa na nan. Ya tsaya jim, sannan ya nufi lungun.

Yaya yana can ƙarshe, a tsugune, daidai inda Auta ya zauna. Allon ƙasa ya yi ciki, ya turo waje kamar tumbin wanda ya ƙoshi. Waya ɗaya ta nutse cikin sandar da aka murɗe ta a kai, zurfin yatsa biyu, ta tsaga itacen. Ta kusa da ita silinta ɗaya ya tsinke, ɗayan ne kawai ke riƙe, ya miƙe ya yi siriri yana ƙyalli. Yaya yana shafa wurin da babban yatsa.

Ya ji taku, bai waiwayo ba. Ya jawo wani guntun allo da ya shigo da shi, ya kifa a kan wurin, ya rufe wayoyin duka biyu.

"Riƙe min nan."

Auta ya durƙusa ya danne allon da hannu biyu. Kafaɗarsu na gogar juna, lungun bai ishi mutum biyu ba. Yaya ya zaro ƙusoshi daga aljihu ya zuba masa a cinya, ya ɗauki ɗaya ya saita.

"In ka ƙara shiga ƙarƙashin akwatina, ni zan karya maka ƙafa da kaina."

"To, Yaya."

Ya ɗaga guduma ya buga. Ƙusar ta lanƙwashe. Tun yana ƙarami Auta ke kallon hannun nan yana aiki, bai taɓa ganin ƙusa ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa ba. Ya kawar da kai wajen katanga, ya lalubo wata ya miƙa masa.